Buhu, Kuɗi ko Kati: Abin da Tallafin Gwamnati Ke Kaiwa Tukunya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

   

An ce in yi magana a kan irin abincin da mutum zai iya saya da tallafin gwamnati. A wasu ƙasashe amsar wannan tambaya a rubuce take, doka ce, kowane mai kanti ya haddace ta. Mu nan hanya biyu muka saba da ita. Ko a sauke buhuna a sakatariyar ƙaramar hukuma a kira sunaye, ko kuma wata rana saƙo ya shigo waya cewa kuɗi sun faɗo. In buhu ne, an riga an zaɓa maka abin da za ka ci tun daga Abuja ko Katsina. In kuɗi ne, farashin ranar kasuwa ne zai zaɓa maka. Ko ta wace hanya, ba a taɓa zaunar da matar da ke ɗora tukunya an tambaye ta abin da ya rage mata kafin tuwo ya sauka ba. A kan wannan giɓi zan tsaya.

Bari mu fara leƙa Amurka, domin can aka fi daɗewa ana wannan gardama. A watan Mayun 1939, a garin Rochester na jihar New York, gwamnati ta fara sayar wa marasa hali wasu 'yan takardu masu kama da kan sarki. In ka sayi masu ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara maka shuɗɗa na rabin dala kyauta. Da masu ruwan lemon ka sayi abincin da ka ga dama. Shuɗɗan kuwa sai abin da gwamnati ta ce ya yi wa manoma kwantai, irin su ƙwai, man shanu, busasshen wake da fulawa. Ku lura da wannan, za mu dawo kansa: tun ranar farko an haɗa buƙatar mai jin yunwa da ta manomin da ya rasa mai sayen amfaninsa. An dakatar da shirin a 1943, aka mai da shi doka a 1964 zamanin shugaba Lyndon Johnson, a 2008 aka sauya masa suna zuwa SNAP. Yanzu kati ne irin na cirar kuɗi, ana zuba masa kuɗi kowane wata, kuma a 2024 mutum sama da miliyan 40 ne suka ci moriyarsa.

Da wannan kati kana iya sayen hatsi da burodi, nama da kifi da kaji, madara, ganye da 'ya'yan itatuwa, har da kayan ƙwalama da lemon kwalba. Kana iya sayen irin shuka da dashen kayan lambu, muddin abin ci za su haifar. Ba a sayen giya da taba, ba a sayen magani, ba a sayen sabulu da sauran kayan gida, ba a sayen dabba mai rai a tafi da ita, ba a kuma sayen dafaffen abinci mai zafi. Daga 2025 wasu jihohi, Nebraska ce ta farko, sun sami izinin cire lemon kwalba daga jerin, wasu har da alewa, saboda talakansu ƙiba da ciwon suga ke damunsa. Wannan rigimarsu ce. Tamu daban take.

Indiya ta bi wata hanya. Dokarta ta 2013 ta ba mutum kusan miliyan 800 haƙƙin karɓar kilo 5 na hatsi kowane wata, kowane kai, a shagunan da gwamnati ta amince da su, kuma tun Janairun 2023 kyauta ake bayarwa. Babu zaɓi mai yawa, galibi shinkafa ce ko alkama, amma mutum ya san ranar, ya san awon, ya san haƙƙinsa ne. Ku riƙe mini wannan kilo 5 ɗin.

To mu dawo gida. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa shirye-shiryen tallafa wa marasa ƙarfi. A ciki akwai naira 5,000 a wata ga gidajen da ke cikin rajistar talakawa, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000, kuma an zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su a cikin shirin. Akwai ciyar da 'yan firamare daga aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mai da shi 100. A 2020, lokacin kullen korona, an fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun ƙasa, kuma duk mun ga yadda jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama a watan Oktoban shekarar, suka tarar da kayan tallafi jibge. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A watan Yuli aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, a Agusta aka yi wa kowace jiha alkawarin naira biliyan 5 na rage raɗaɗi, a Oktoba aka ƙaddamar da biyan naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. Ba a je ko'ina ba, a Janairun 2024, aka dakatar da shirye-shiryen don bincike. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A Yuli aka sanar da tura tirela 20 ta shinkafa kowace jiha, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25.

Mu yi lissafin nan tare, ba ya buƙatar boko mai zurfi. Tirela 20 sau buhu 1,200 ya ba mu buhu 24,000. Jihar Katsina mazaɓu 361 gare ta. In an raba daidai wa daida, ba a ɓatar da ko ƙwaya a hanya ba, kowace mazaɓa za ta tashi da buhu 66 da ɗan ɗoriya. Kowa a nan ya san yawan gidajen da ke mazaɓarsa. In kuma kai-kai za a raba, tan 600 ke nan a tsakanin mutum miliyan 5.8 da aka ƙirga tun 2006, wato kowa giram 100 da 'yan kai, abin da bai cika gwangwanin madara ba. Sau ɗaya. Ba'indiye kilo 5, kowane wata. Gidan da ya yi sa'a ya sami buhu sukutum, in mutum goma ne a ciki kuma ita kaɗai ake ci, da ƙyar ta kai mako.

Kuɗin ma haka. A 2017 dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 305 ce, don haka 5,000 ɗin nan wajen dala 16 ce. A 2024 dala ta kai 1,500 har ta wuce, don haka 25,000 ita ma wajen dala 16 ce. Lamba ta ninka sau biyar, abin da ke hannu yana nan inda yake. Kuma shinkafar da gwamnatin tarayya da kanta ta karya wa farashi a 2024, buhu mai kilo 50 naira 40,000 ta sa masa. Tallafin wata guda bai sayi buhun rangwamen ba.

Ban kawo wannan lissafi don in raina abin da aka bayar ba. Wanda ya kwana bai ci ba ya san darajar tiya ɗaya. Gwamnatin jiha ma ta yi nata: ana dafa abincin buɗa-baki a mazaɓu da azumi, an sayar da masara da gero da dawa da rangwame, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta buɗe shagunan Rumbun Sauƙi, inda ake sayar da kayan abinci ƙasa da farashin kasuwa. Wannan shi ne mafi kusa da tsarin kanti da jerin kaya da muka gani a jiharmu. Sai dai rangwame mai ɗan abu a aljihu yake taimaka wa. Matar da ta gudo daga ƙauye da goyo da tabarma, rangwamen ko nawa ne bai kai gare ta ba.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe. Ko da buhunan sun wadata, kusan duk abin da ake rabawa tsaba ce: shinkafa, masara, gero, dawa, wani lokaci taliya ko garin kwaki. Iyayenmu mata, ku gyara mini in na yi kuskure. In aka miƙa miki tiya biyar ta masara, aikinki bai ƙare ba, yanzu ya fara. Akwai kuɗin surfe da niƙa, kuma tun da man fetur da gas suka tashi mai inji ya tashi da su. Akwai itace ko gawayi, a yankin da shiga daji yin itace ya zama sai da rai. Akwai gishiri, daddawa, kuka ko kuɓewa, barkono, ɗan manja ko man gyaɗa. Shi ya sa za ku ga an karɓi kayan tallafi da safe, da yamma wani kaso ya bayyana a bakin kasuwa. Masu rabo su ce mutanenmu ba su da godiya. Ni kuwa na ce lissafi suka iya. An sayar da tiya ɗaya don sauran huɗun su dafu. An sayar da shinkafa, wadda a yawancin gidajen ƙauye abincin marmari ce, an auno masarar da za ta fi ta daɗewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina. Waɗanda aka kai asibiti ke nan. Yaro ɗan wata tara ko ɗan shekara biyu cikinsa ƙarami ne. In ka cika shi da koko tsararo da tuwon masara da miyar da ba mai ba wake, zai ƙoshi, amma jiki ba zai ginu ba. A hankali gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, kyanda ko gudawa ta zo ta same shi ba garkuwa. Ku duba abin da ke cikin ƙunshin nan da ake ba masu tamowa a asibiti, wanda aka fara rabawa da yawa a Maraɗi lokacin yunwar 2005: gyaɗa ce, da madarar gari, da suga, da mai, da sinadaran gina jiki. Gyaɗa dai da muke nomawa. Muna jira sai yaro ya kwanta, sannan a ba shi ita a matsayin magani, da tsadar da ta ninka ninkin ba ninki.

Wani zai ce to a daina rabon buhu, a ba kowa kuɗi ya sayi abin da ya dace. Akwai gaskiya a ciki. Masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike daga ƙasashe da yawa a 2014, suka gano cewa ba wa talaka kuɗi a hannu ba ya ƙara sayen giya da taba. Zargin da ake yi cewa zai ɓarnatar da su ba shi da tushe. Amma akwai wani gwaji da aka yi kusa da mu, a ƙauyukan Damagaram a 2011, ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasu ƙauyuka aka ba su kuɗi, wasu aka ba su haɗin hatsi da wake da mai. Waɗanda aka ba kuɗi suka je suka auno hatsi da yawa suka adana, wasu suka sa a gona. Waɗanda aka ba haɗin kuwa sun fi su cin abinci mai gina jiki. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Magidancin da ke tsoron watan Agusta, in ka ba shi kuɗi, tsaba zai saya, domin ita ce ke hana gida kwana da yunwa. Wake da mai da ƙwai su ne na farko da ake yafewa.

Ga kuma halin da yankinmu ke ciki. Kuɗin waya sai da layin waya, sai da mai POS, sai da kasuwar da ke ci. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan. Ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mutum ke sayen nairarsa da naira. Tun daga ɗaukar ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 duniya ta san sunanmu, amma abin da duniya ba ta ƙirga ba shi ne gonakin da aka bari ba a shuka ba, da waɗanda aka shuka sai da aka biya 'yan bindiga kafin a girbe. Yankin da ke cika kasuwar Ɗandume da Funtuwa da masara da dawa da waken suya, yau shi ake kawo wa shinkafa a tirela.

Shawarata ita ce a gwada kati a waɗannan ƙananan hukumomi uku, irin wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi a Borno, inda mutum ke zuwa wurin 'yan kasuwar da aka yi wa rajista ya zaɓi kaya. Amma jerin kayan a nan za a rubuta shi, kuma mata su fi yawa a zaman rubutawar. Wani kaso na katin ya tafi ga tsaba, wadda garin ke ci. Malamanmu suna nan, sun san ƙa'idar zakkar fid da kai a mazhabar Malikiyya: mudun Annabi huɗu daga abincin da ya fi rinjaye a garin. Wannan ƙa'ida ta riga duk wani tsarin tallafi na zamani gane cewa abin da mutane suka saba ci shi ake ba su. Wani kason kuma a ɗaure shi, kada ya sayi komai sai mahaɗi: wake, waken suya, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, mai, ƙwai, busasshen kifi, daddawa, zogale, gishiri. Wannan shi ne shuɗiyar takardar Amurkawan 1939, an juyo da ita ga amfanin gonarmu. Gidan da ke da mai ciki ko mai shayarwa ko yaron da bai kai shekara biyu ba, a ƙara masa wannan kason. Sannan a bar ɗan canji a hannu, tsabar kuɗi, na niƙa da itace da sabulu. Wanda ya hana wannan canjin, shi ya tura tsabar kasuwa.

Abu biyu daga dokar Amurka. Irin shuka, mu ɗauka hannu bibbiyu. Matar da ke zaune a gidan aro a Faskari ko Sabuwa tana iya shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, ko a tsohon buhu. Haramcin dafaffen abinci kuwa mu bar musu kayansu. Ɗan gudun hijirar da ke kwana a ajin makaranta ko kangon gini ba shi da murhu, wani ko tukunya bai fito da ita ba. Tsohon da ba shi da mai dafa masa fa? A bar kati ya sayi ƙosai da kunun gyaɗa, awara, ɗanwake, fura da nono. Duk abinci ne mai gina jiki, kuma masu sayar da su mata ne na cikin unguwa, da yawansu zawarawan da rikicin nan ya bari da marayu. Kuɗin ya shiga hannunsu, ya zaga gari. Barazil ta sa a dokarta ta 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a sayi abinci da su daga ƙananan manoma. Ba abin da zai hana majalisar dokokin Katsina rubuta irin wannan sharaɗi.

Lokaci ma yana cikin maganar. Tallafinmu ya fi zuwa da azumi, ko in an yi wata annoba, ko, mu faɗi gaskiya, in zaɓe ya ƙarato. Yunwa kuwa kalandarta ba ta canzawa: daga Yuni zuwa Satumba, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya sauka a kan yara. A nan ya kamata kati ya fi nauyi. Saye kuma a yi shi da kaka, daga hannun manomanmu. Tun bayan da aka buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya sauko, mai saye ya ji sanyi, manomi kuma ya koka cewa kuɗin taki bai fita ba. Gwamnatin da ke sayen wake da waken suya da kaka don rabon damina ta taimaki mutum biyu da kuɗi ɗaya.

Kati ma yana da ɓarayinsa, kada in yaudare ku. Mai kanti zai iya cewa kawo katinki na dubu goma in ba ki dubu bakwai a hannu. Zai iya ƙara farashi ranar da aka zuba kuɗi, ko ya auna da kwanon da aka bubbuge wa gindi. Maganinsa kada a damƙa wa ɗan kwangila ɗaya ko kanti ɗaya gari guda. A yi wa masu awo da yawa rajista a kowace kasuwa, a kafe farashin mako a allo da Hausa, da boko da ajami, sarkin kasuwa da wakiliyar mata su riƙa duba mudu. Sunayen masu karɓa a karanta su a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, kowa ya ji, domin a ɓoye ake cusa sunan ɗan'uwa da na ɗan jam'iyya. Katin ya fita da sunan matar da ke girki, kuma a gidan da ke da mata biyu ko uku a ƙirga ɗaki-ɗaki, in ba haka ba mun san rigimar da za ta biyo baya. Kada a ce sai mai lambar NIN da asusun banki kaɗai, domin wadda aka ƙone wa gida da takardunta a ciki ita ta fi kowa buƙata. Shaidar dagacinta da limaminta ta isa a fara ba ta, a yi mata rajistar daga baya.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya muke da ita a majalisar wakilai ta tarayya, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi uku da kansilolinsu. Duk suna rabon kayan abinci daga lokaci zuwa lokaci. Ba sai an jira Abuja ba, ko mazaɓa ɗaya a kowace ƙaramar hukuma aka ɗauka aka gwada damina guda, ma'aikatan lafiya suka auna damtsen yara kafin a fara da bayan an gama, za a ga ko tsarin ya yi aiki. Kuma a buga katin har da na takarda mai lamba da hatimi, saboda ranar da layin waya zai ɗauke.